Wasiƙar da Ta Shekara Huɗu a Littafin Waƙa

Duk ɗan arewacin Malawi da ya sauka a unguwar Ndirande ta birnin Blantyre, in dai mai zuwa coci ne, ba ya cika mako biyu bai faɗa hannun Wezi Msowoya ba. Tela ce, kekenta yana barandar wani shagon fenti, dab da inda ƙananan bas suke juyawa. Da ta ji harshen Tumbuka a bakin mutum sai ta ɗage ƙafa daga keke, ta gaishe shi, ta tambayi garinsu da ruwan bana, kafin ya gama amsawa ta jefo masa tambayar da aka san ta da ita: ina wasiƙarka, ka kai? In ya fara inda-inda to ya shiga uku, don ran Lahadi a bakin ƙofar coci zai same ta, kuma ba za ta rabu da shi ba sai ta ga shigarsa ofishin magatakarda. Samarinmu suna ce mata 'yar sandan coci, a bayan idonta dai. Ni da na san mafarin abin ba na taya su dariya.

Mu a cocinmu mutum ba ya tashi haka kawai ya koma wata ikilisiya kamar mai sauya rumfa a kasuwa. In za ka bar gari, magatakardan ikilisiyarku zai rubuta maka wasiƙa, ya shaida an yi maka baftisma, ba ka cikin horo, kana cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon inabi da ake raba wa masu bi a coci. Ka kai ta inda ka sauka su sa sunanka a littafinsu. Kafin nan shiga sujada ba mai hana ka, yi waƙa har muryarka ta dishe, ba da baiko, wato sadakar coci, a karɓa da hannu biyu. Amma ranar Jibi, in an sallami yara da waɗanda aka dakatar, tare da su za ka fita.

Magatakardan ikilisiyar Kawaza, ƙauyen su Wezi can bayan Rumphi, mahaifinta ne, Yotamu Msowoya. Manomin taba ne da ya tsaya a aji shida, amma a rubutu ko hedimasta sara masa yake yi. Shekara ashirin da shida yana riƙe da littafin sunaye, da alƙalami mai shan tawada, da wata tsohuwar rula ta katako wadda ko matarsa ba ya ba ta aro. Tsarinsa har ya yi yawa. Mutumin da zai tsayar da ɗaurin aure don an rubuta sunan amarya a karkace, ai ka san ba dama.

Wezi tana da shekara ashirin da ɗaya aka samo mata wurin koyon ɗinki a Blantyre, hannun wata mata da ake kira Mama Chikaonda. Ana saura kwana huɗu ta tafi, suna cin tuwo, ta ce Baba a rubuta mini wasiƙata mana. Ya ce ba a rubuta wasiƙa a kan tabarmar cin tuwo, ta zo ofis ran Asabar kamar kowa. Ofis ɗin kuwa wani ɗan ɗaki ne a bayan coci, rabinsa buhunan siminti ne na ginin da aka shekara goma ana cewa za a fara. Ta je, ta same shi ya sa kwat ya ɗora tabarau.

"Sunanki?"

"Haba, Baba."

"Baba yana gida. Sunanki?"

Ta faɗa tana danne dariya. Ya tambayi sunan mahaifinta, shi ma sai da ta faɗa. Ya rubuta a hankali, harshensa a gefen baki, ya buga hatimi, ya hura tawadar. A ƙasan takardar akwai wani ɗan yanki da aka raba da layin ɗigo-ɗigo, a nan ya rubuta sunansa da lambar akwatin gidan waya na ikilisiya. Wezi ta gani amma ba ta tambayi amfaninsa ba. Ya jawo babban littafi ya yi wani rubutu a ciki yana kare shi da hannu, sannan ya miƙa mata wasiƙar ya ce Lahadin farko za ta kai ta, ba ta biyu ba. Sai da ya rufe littafi ya soke alƙalami a aljihu sannan ya koma Baba. Ya goya ta a keke har gida, abin da rabonsa da yi tun tana firamare, a hanya ya tsaya ya saya mata rake.

Lahadin farko kuwa ta je da niyyar kaiwa. Sai dai cocin da ta tarar ba irin wanda ta sani ba ne. A Kawaza in ka makara, fasto yana iya tsayawa cikin wa'azi ya tambaye ka jikin akuyarka. A nan sujada uku ake yi a jere, ta farko ba ta gama fita ba ta biyu tana turo ta. Waƙoƙin su ne dai na gida, karinsu bai canja ba, amma da harshen Chichewa ake yin su, sai ta ji kamar an ba ta rigarta ta sa a baibai. Bayan an tashi ta bi layi zuwa ofis. Magatakardan can yana magana a waya, yana karɓar wasiƙun mutane da hannu ɗaya yana jefawa cikin wani kwali a ƙarƙashin tebur, ko buɗewa ba ya yi. Wezi ta dubi kwalin, ta dubi rubutun mahaifinta da ya sha rula, ta sulale daga layin. Ta ce wa ranta mako mai zuwa. Ta kuma ce ai ɗinki kawai ta zo koya, shekara ɗaya ta koma gida, mene ne na cire suna daga nan a kai can. Ta ninke wasiƙar ta sa a tsakiyar littafin waƙarta na Tumbuka.

A lokacin wayar hannu ɗaya ce a Kawaza, ta hedimasta, Asabar ɗin farko ta kowane wata iyayenta sukan je su jira kiranta. A kira na farko, bayan gaisuwa, Yotamu bai tambayi abinci ko wurin kwana ba.

"Kin kai?"

"Na kai, Baba."

Ya ce to madalla, ya miƙa wa mahaifiyarta wayar. Ƙaryar ta fito mata ne da sauƙi, don a ranta gobe-gobe za ta mai da ita gaskiya. Bai sake tambaya ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Birni ya shiga koya mata abin da yake koya wa kowa. Ta koyi tashi da asuba ta kama layin famfo, ta koyi rigima da kwandasta, ta koyi cin ƙananan kifi busassu waɗanda a gida sai dai a ba kyanwa irinsu. Mama Chikaonda mace ce mai jiki da murya, mai faɗa da safe ta ba ka shayi da rana. Ta sa Wezi ta yi wata uku tana ɗinka maɓalli da bakin zane kafin ta bar ta ta hau keke. Aikinsu kayan makaranta ne da fararen rigunan matan zumunta, waɗanda Mama take ɗaya daga cikin shugabanninsu. Da yamma Wezi takan zauna a bakin ɗakinta ta dubi dutsen Ndirande, ta yi ta neman inda ya yi kama da tsaunukan gida, ba ta samu. Kewar gida tana cin ta sosai, musamman in ta ji ƙanshin ganyen kabewa da gyaɗa daga tukunyar maƙwabta.

A wata na takwas, cikin sanyin Yuli, ciwon haƙarƙari ya kama Yotamu, kwana uku ya tafi. Wezi ta isa Kawaza an riga an fito da akwatin gawar. Littafin waƙar yana cikin jakarta, wasiƙar tana cikinsa, ba wanda ta gaya wa.

Daga nan takardar ta tashi daga abin da ake kaiwa ta koma abin da ake ɓoyewa. Ita ce rubutunsa na ƙarshe da take da shi. Bayan haka kuma Wezi ta ƙulla wani lissafi a ranta, wai muddin ba ta miƙa ba, sunanta yana nan daram a littafin Kawaza, ƙarƙashin na mahaifiyarta, a shafin gidan Msowoya. Tana zaune a Blantyre ne kawai, amma ita 'yar ikilisiyar gida ce. Da wannan take kwana da shi take tashi, ko da shekara ɗayar nan ta zama biyu, ta zama uku, har ta sayi keken kanta.

Ba ta fasa zuwa coci ba ko sau ɗaya. Wurinta a baya ne, gefen hagu, jikin ginshiƙi. In an ɗauki waƙa da Chichewa ita sai ta bi da Tumbuka ƙasa-ƙasa, ba mai ji sai ita da Mai Sama. Sau huɗu a shekara ake cin Jibi, sau huɗun nan kuwa da yara take fita, ta zauna a gindin mangwaro tare da waɗanda ke cikin horo. Akwai wani dattijo da giya ta hana shi zama ciki, da ya gan ta sai ya matsa mata wuri ya ce 'yar ajinmu ta iso. Tana yin murmushi, amma abin yana yi mata ciwo. Tun tana 'yar sha biyar take cin Jibi, ta san nauyin ɗan ƙoƙon nan a hannu, ta san shirun da coci yake yi in ana raba gurasa. Daga waje ba abin da take ji sai wannan shirun, kuma yunwarsa take ji ta gaske.

Mutane kuwa ba sa ganin budurwa tana fita ranar Jibi su bar bakinsu ya huta. Wasu suka ce ciki ta yi a gida aka kore ta, wasu suka ce mijin wata ta ƙwace. Mama Chikaonda ba ta iya gulma ba, ita a gaba take faɗa. Wata Litinin suna yanka yadi ta ajiye almakashi.

"Ke 'yar arewa, faɗa mini tsakani da Allah, wa kika kashe a garinku?"

"Ba kowa, Mama. Ni a gida nake cin Jibina."

"A gida. Wato Jibin Ubangiji ya zama tuwon rogo, sai na garinku ne yake da daɗi. To yaushe rabonki da shi?"

Zuwan Wezi gida na Kirsimeti ne, a Kawaza kuwa ba a cin Jibi sai fasto ya zagayo, da Ista da bayan girbi. Ta ƙirga a ranta ta ga shekara huɗu ke nan. Mama ta dube ta ta girgiza kai, ta ce yarinyar da ke ɗinka wa matan zumunta riga ita ce ke zama da mashaya a gindin mangwaro, wannan abin kunyar har ita ya shafa.

Maganar ta zauna mata. Da Ista ta matso ta rufe keke da zane, ta hau bas tun asuba, rana na faɗuwa ta sauka Rumphi, washegari ta bi motar masu kaya zuwa Kawaza. Masara ta nuna, hanya duk ƙanshin ɗanyen ganyen taba. Ran Asabar ake raba katin shiga Jibi, don haka ta yi wanka ta nufi ofis ɗin nan na bayan coci. Buhunan simintin suna nan, sun daskare sun zama duwatsu. A kujerar mahaifinta Baba Eliya Chirambo ne zaune, amininsa tun suna yara, wanda aka ba riƙon littafin bayansa. Ya yi murna da ganinta, ya tambayi birni. Da ta ce kati ta zo karɓa sai ya ce baƙo yakan zo da shaidar ikilisiyarsa, ina tata? Ta ce ai ita ba baƙuwa ba ce, a duba shafin gidansu.

Bai yi musu ba, ya buɗe ya juya mata littafin. Ga sunan Yotamu da ɗan gicciye a gefensa. Ga na mahaifiyarta. Ga nata a ƙasa, an ja masa jan layi miƙaƙƙe da rula, daga farko har ƙarshe. A gaba, da rubutun da ko cikin barci za ta gane, an sa ta tafi Blantyre da wasiƙa, ga kwanan wata, ranar Asabar ɗin nan da ya saya mata rake. Abin da ya kare da hannu ke nan. Shekara huɗu da wata biyar tana taƙama da sunan da babu shi.

A ƙarshen layin akwai wani gurbi da ba a rubuta komai ba. Ta tambayi na mene ne. Baba Chirambo ya ce na amsa ne. In ikilisiyar can ta karɓi mutum, takan yanke ɗan yankin ƙasan wasiƙar, ta buga hatimi ta aiko, sai a rubuta ranar da ya iso, a san tunkiya ta shiga wani garken ba a daji take ba. Ya bi shafin da yatsa ya nuna mata, duk wanda Yotamu ya sallama cikin shekara ashirin da shida gurbinsa a cike yake, ban da ɗaya.

Wezi ta buɗe littafin waƙa ta fito da wasiƙar ta ajiye a kan tebur. Ninkin ya yi baƙi, ɗan yankin yana manne a ƙasa. Tsohon ya daɗe yana kallonta, ya cire tabarau ya goge. Bai yi mata faɗa ba, ita kuwa ta fi son ya yi.

"'Yar Yotamu, yanzu ba kya nan, ba kya can," in ji shi. "In kina so ki bar mini ita, in sake rubuta ki a sabon layi, gobe ki ci Jibi kusa da mahaifiyarki. Ba wanda zai ji daga bakina."

Abin da ta shekara huɗu tana so ke nan, ga shi an miƙo mata. Ta tambaya, in an yi haka, gurbin fa? Ya ce haka zai zauna, don ba inda ta isa balle amsa ta zo. Ta ce ya ba ta zuwa yamma.

A gida ta sami mahaifiyarta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta zauna ta ja faranti, ta faɗa mata komai, har ƙaryar da ta yi a wayar hedimasta. Tsohuwar ba ta daina ɓara ba. Ta ce ai kowace Juma'a yakan hau keke ya tafi gidan waya na Bolero duba akwati, ko ana ruwa, ya dawo ba komai a hannunsa ya jingine keken. Wata takwas yana wannan zirga-zirga. Juma'ar ƙarshe da ya je, da tari ya dawo.

"Ya san ban kai ba, Mama?"

"Cewa yake magatakardan birni malalata ne, ba su san aiki ba. Kullum su yake zagi." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Ban taɓa jin ya zagi wani magatakarda ba sai a kanki."

Wezi ta yi kuka a wurin har gyaɗar ta jiƙe, mahaifiyarta ta bar ta ta yi. Da yamma ta koma ta ce wa Baba Chirambo ta gode, amma a ba ta wasiƙarta. Ran Ista, da aka sallami yara, ta fita tare da su ta zauna a filin ginin da ba a taɓa yi ba. Daga ciki aka ɗauki waƙar Jibi da Tumbuka, da muryoyin tsofaffin da suka goya ta, ta bi su da ƙarfi, wannan karon ba ƙasa-ƙasa ba.

Lahadin farko bayan komawarta Blantyre ta bi layin ofis, Mama Chikaonda tana bayanta kamar mai raka amarya. Magatakardan ya dubi kwanan watan ya ce wannan ai ta tsufa, sai dattawa sun zauna a kanta. Mama ta ce su zauna, ita ce shaida, shekara huɗu yarinyar nan ba ta fasa sujada ba, kuma rigar da ke jikin matarsa ma ita ta ɗinka. Dattawa suka zauna, suka karɓe ta. Da magatakardan ya kai hannu zai jefa takardar a kwali, Wezi ta riƙe gefenta ta ce a yanke mata na ƙasan tukuna. Ya ce su sun daina wannan tun tuni, wa yake da lokaci. Ta ciro almakashinta na ɗinki daga jaka ta miƙa masa. Ya yanke, ya sa hannu, ya buga hatimi. Sauran takardar, da duk rubutun Yotamu, ta bi sahun 'yan'uwanta cikin kwali, Wezi tana kallo.

Ɗan yankin ta kai gidan waya da kanta. Ba ta canja sunan da ke jikinsa ba, haka ta kwafe shi a bayan ambulan: zuwa ga Magatakarda Y. Msowoya, Kawaza. Bayan mako uku ya isa. Baba Chirambo ya aika aka kira mahaifiyarta, a gabanta ya buɗe littafi ya cike gurbin. Rubutunsa kamar tafiyar kaza yake kusa da na amininsa, shi ma ya faɗa da bakinsa, amma ya yi iya ƙoƙarinsa.

A watan Yuli na shekarar Wezi ta ci Jibi a Ndirande, kusa da Mama Chikaonda, wadda ta yi ta zungurinta wai ta daina kuka kada ta zubar da ƙoƙon. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Ta yi aure, tana da 'ya'ya biyu da ba su iya Tumbuka sosai ba, tana sa farar rigar zumunta da ta ɗinka da hannunta, waƙa kuma da Chichewa take yi kamar kowa. Amma tsohon littafin waƙar nan har yanzu shi take riƙewa ran Lahadi, kuma in ta ajiye shi a kan benci, da kansa yake buɗewa a tsakiya, inda takardar ta bar sawun ninkinta.